Awon Ƙafa

A rumfata da ke bakin titin Danja,
inda motocin Katsina ke rage gudu,
nake yanka tsohuwar taya ina ɗinka takalma
don ƙafafun da kuturta ta cinye wa yatsu.
Shekara talatin da ɗaya,
ban taɓa ɗinka biyu iri ɗaya ba.

Barmo mai shayi ne ke buɗe kasuwar tambaya
tun butarsa ba ta tafasa ba:
"Ishaya, wai Allah uku gare ku?"
Na ce, "Ɗaya ne, Barmo, ɗaya tak.
Uba da Ɗa da Ruhu,
amma ba a jera su kamar kofunanka."
Na kawo masa rana da haskenta da zafinta,
sai na tuna fastonmu ya ce misalin nan ɗingishi yake.
Barmo ya ce lissafina bai fita ba.
Na ce, "Wanda ya shiga lissafina kaf,
ai bai kai in durƙusa masa ba."
Ya yi dariya, ya ƙara mini sukari.

Cima mai gyaɗa tata daban:
"Labarin mutum ɗaya, don me littafi huɗu?"
Na ce, "Ranar da gulbi ya yi ambaliya, wa ya ba ki labari?
Mijinki ya ga saniyar da ruwa ya ja,
ke kin ga rumbun da ya faɗi,
ɗanki kifi kawai ya gani.
Gulbi nawa ne?"
Ta bar mini gyaɗar dala biyar, ta ce wayo gare ni.

Yaran kabu-kabu kuwa a guje suke jefowa.
Ina alƙiblarku? Kuna azumi?
Ubana gonar hatsi yake fuskanta in zai yi addu'a,
uwata murhu, ni kuma wannan kalapin.
Azumi muna yi,
sai dai an ce mu wanke fuska mu shafa mai,
kada maƙwabci ya gane daga leɓe.
Ɗaya ya rage murya: "Da gaske jini kuke sha?"
Na ce, "Ruwan zoɓo ne a majami'armu, da gutsuren burodi.
Tunawa muke da wanda ya ba da nasa."

Waɗannan duk na saba da su,
kamar yadda hannu ya saba da basilla.

Sai ranar wata Talata, tsohuwa Tasalla ta zo daga Tibiri,
ta zauna, ta kwance tsummar ƙafarta a hankali.
Dungu biyu, sumul kamar bakin taɓarya.
Ta ce, "An ce Yesunku ya taɓa kuturu ya warke."
Na ce haka aka rubuta.
Ta ce, "To ni fa?"

Na laluba ayoyin da na haddace,
kowace na ɗauko sai in ga ta yi mata kaɗan,
ko ta yi mata yawa,
irin takalmin kanti da ke fasa miki.
Uwata ma da dungu aka binne ta,
tana waƙar yabo har daren ƙarshe.
Na ce, "Iya, ban sani ba."

Na ɗebo ruwa a kwano, na durƙusa,
don ba a awo sai an wanke.
Akwai inda aka rubuta ya ɗaura tawul ya yi haka,
amma ban faɗa mata ba.
Na ɗora ƙafar a kan kwali, na zagaye ta da fensir.

Ta ce, "Yaushe zan dawo?"
Na ce Juma'a, bayan kun sauko daga masallaci.
Barmo ya miƙo mata shayi, bai karɓi kuɗi ba.