Kiran Talata

Ni da na saba nutso a gulbi,
a ƙirga sittin ban ɗago ba,
in fito da ragon ruwa a hannu,
yau daga ƙofar ɗaki zuwa gindin tsamiya
sai na tsaya sau uku.

Kwana goma sha ɗaya, in ji su,
na yi a ɗakin nan na Kano
inda ba a kashe fitila,
inda inji ke hura wa mutum numfashi
kamar zugazugin maƙeri.
Ni ban ƙirga ba. Ni ba na nan.

Aka sallamo ni da leda cike da magani,
da muryar da ba tawa ba,
da wani ɗan abu kamar kaguwa
mai cizon yatsa ba zafi.

Duk Talata bayan la'asar
Dije kan ɗauki waya ta hau suri,
don nan kaɗai sabis ke sauka
a ƙauyenmu na bayan Auyo.
Ni ina ƙasa, kan turmi a kife,
kaguwa na riƙe da yatsana.

"Baba Haladu, an wuni lafiya?"
Malama Sa'ude ke nan.
Ban san fuskarta ba; ita ta san tawa.
Ta ce ita ke juya ni cikin dare
sa'ad da nake kwance kamar gungume.
Ranar da na ji haka, kunya ta hana ni gaisuwa.

"Nawa ya nuna?"
Dije ta leƙo: "Casa'in da uku."
"Madalla. Tafiya fa, har ina?"
Na ce har masallaci.
Dije ta ce, "Har rijiya dai."
Na yi dariya, dariya ta koma tari.
Malama ta yi tsit tana sauraron tarin
kamar mai sayen tukunya yana ƙwanƙwasawa.

Dangi sun zo da fura, sun yi barka,
sun ce jiki ya yi kyau, sun tafi.
Ita kaɗai ta ce, "Barci fa?"

Na ce, Dije, sauko, je ki duba awaki.
Ajiye wayar nan inda take.

Da hannu da gwiwa na kama suri.
Ƙirji na kuka, ƙafa na rawa,
na hau.

Na ce, Malama, in dare ya raba
kukan gyare kan zama ƙarar inji.
Nakan farka ina cizge tiyo daga bakina,
alhali babu komai.
Ran Juma'a na nemi sunan ƙanena, na rasa.
An fara cewa iska ce ta biyo ni.

Ta ce, "Baba, ba hauka ba ne.
Da yawa sun fito ɗakin nan da irin wannan kaya.
Alhamis likita zai kira ka.
Kafin nan, in ka farka, dafa bango,
ka kira sunan abin da ke ɗakinka
ɗaya bayan ɗaya,
har ɗakin ya yarda naka ne.
In kuma numfashi ya…"

Sabis ya ɗauke.
Na zauna riƙe da waya, ina jira ta dawo.

Daga can sama na hango shi,
karo na farko tun da aka kai ni:
gulbi, ya cika ya batse,
da kwalekwalen wani yana ratsa kainuwa.

Dije ta dawo, ta riƙe baki.
"Baba! Wa ya ɗora ka?"

Da daddare gyare ya fara.
Na dafa bango, na ji sanyin laka.
Na ce: gora.
Na ce: koma, da yagewarta ta bara.
Buta. Tabarma. Fitila a kashe.
Munsharin Dije ta bayan zana.

Sai na ce: Ilu.
Ilu ne sunan ƙanena.