Akwatin da Ba a Taɓa Ba

Ƙarfe huɗu da rabi a Shefild, har duhu ya shigo.
Jirgin lantarki na nishi a kan tudu,
ni ina hawa na uku, shayina ya huce,
ina kokawa da wani ɗan akwati a allon kwamfuta
da bai kai tsawon yatsana ba.

Aikinsa bai taka kara ya karya ba:
ka latsa shi, ya zaro harshe ƙasa,
ya nuna maka kalma biyu, Eh da A'a.
Amma can ciki, inda ido ba ya kaiwa,
akwai wani gurbi mai taurin kai
da bai san kalma ba.
Gaskiya ko ƙarya, iyakar cimarsa ke nan.

Na ɗaure su da igiya ɗaya, akwati da gurbi.
Na zaɓi Eh. Gurbi ya ce ƙarya.
Na sake. Ko gezau.
Ashe igiyar tawa hanya ɗaya take bi,
kamar rancen da ka ba ɗan'uwa.
Na mai da ita mai zuwa da dawowa,
na zaunar da tafinta a tsakaninsu, layi tara kacal,
in ya ji Eh ya ce gaskiya,
in ya ji A'a ya ce ƙarya.
Suka shirya. Na yi miƙa, bayana ya yi ƙara.

Sati biyu, sai ga Morin mai rajistar asibiti,
tabarau na lilo a wuyanta,
ta dire takarda kusa da kofina.
Mutum ɗari biyu da sha ɗaya, in ji ta,
manhajarka ta rubuta ba su da mai leƙa su a gida.
Ba wanda ya tambaye su.

Na duba. Gaskiyarta.
Duk akwatin da ba a taɓa ba,
gurbi ya ɗauki shirunsa ya rubuta A'a.
Da ƙarya ake haihuwarsa,
ni kuwa ban tuna ba ran gini, balle ran zane.

Ta ce ga kuma wani dattijo, Mista Ogdin,
shi an tambaye shi.
Ya dubi taga, ya murza hularsa,
ya ce 'yata takan zo, in ta samu hali.
Wanne zan latsa masa?

Ban amsa ba, don na tuna daren jiya.
Murya daga Funtuwa, tana yankewa tana dawowa:
Tanimu, bana za mu gan ka?
Na ce to.
Ita ma ta ce to.
A cikin wannan to ɗin akwai kuɗin jirgi,
akwai hutun da ban nema ba tukuna,
akwai gwiwarta da ta ƙi gaya mini ta kumbura.
Mu da muka tashi da sai na duba,
da ba laifi, da Allah ya kai mu,
yau ni ne nake tsare mutane a ƙofa biyu.

Gyaran bai ci minti goma ba.
Alamar tambaya guda na ƙara a bayan gurbin,
'yar ƙugiya da ɗigonta,
sai ya koyi zama fanko ba tare da ya yi wa kowa ƙazafi ba.
Akwati ya sami layi na uku: Ba a sani ba tukuna.
Morin ta ce ya yi tsawo, amma a bar shi.
Ta ɗauki takardarta, za ta buga musu waya ɗaya bayan ɗaya,
ta fara da dattijon.

Na kashe fitila, na sauko.
Yayyafi, irin wanda ba ya jiƙa ka sai ka isa gida.
A tasha na buɗe waya na duba farashin tikiti,
na rufe,
na sake buɗewa.