Ƙwai Bakwai a Kaltungo

A Kaltungo, inda ambaton kububuwa
kan sa uwa ta sure ɗanta daga ƙasa,
nan aka haife ni da bauɗaɗɗiyar ƙauna.

Ina shekara shida na ɓoye ƙadangare a hula.
Inna Talatu ta gano, ta ce, "Yaron nan ajalina ne."
Ban zama ba. Ta rayu har ta ga kunkuruna
ya tsufa a gindin randarta.

Yau furfura ta cinye gemu,
ɗakin baya ya cika da akwatuna masu raga.
Lanti, 'yar mesata, ta naɗe kamar gammo
bisa ƙwai bakwai, wata biyu ko ɓera ba ta kalla.
Nakan yayyafa wa ƙaiƙayi ruwa,
in dafa katako in ji ko ɗumi ya isa.

Maƙwabta na ce mini gardi.
Ba ni da ganga, ba ni da laya,
haƙuri kawai na sha.

Asubahin Laraba ƙwai ɗaya ya tsage.
Ɗan harshe ya leƙo, ya ɗanɗani duniya,
ya koma ciki.
Jikata Hajjo ce riƙe da fitila,
ko rawa hannunta bai yi ba.