Fayil Ɗin Da Ya Ƙi Tafiya

Ranar Talata kwamfutar shagona ta fara nishi
kamar tirotiro ta ɗauko doya tana hawan tudun Asawase.
Na danna, shiru. Na sake dannawa,
'yar da'irar nan ta hau zagaye
kamar akuya a turke.

Mutum uku na jira a benci:
mai katin suna, mai takardar haya,
da yarinya mai aikin makaranta tana cizon biro.

Na kira Kwabena, can Adum, mai gyara.
Ya ce, "Rakiya, cikinta ne ya cika.
Share fayilolin wucin gadi,
ɓawon gyaɗa ne, an cinye ƙwayar tuni."

Na buɗe ɗakin da ban taɓa shiga ba.
Dubu huɗu da ɗari shida!
Sunaye kamar kaza ta taka tawada.
Na tattara su kaf, na ce a tafi,
suka tafi, ba ko sallama,
kamar 'yan kallo in an ce a kawo gudummawa.

Sai guda ɗaya.
Ya zauna daram, ya harɗe ƙafa.
Allo ya ce: ba zai gogu ba,
wani yana amfani da shi.

Wa?
Ni kaɗai ce a nan, sai fanka mai ciwon wuya.

Na sauya masa suna, ya ƙi amsawa.
Na ja shi zuwa kwandon shara, ya dawo
kamar kyanwar da aka kai Kejetia a buhu
ta riga mai ita isa gida.
Na kashe, na kunna. Yana nan.
Mai takardar haya ya yi tsaki ya fita.

Kwabena ya ce, "Ba taurin kansa ba ne,
nemo hannun da ke riƙe da shi."
Na bi sahu, layi bayan layi,
har na iske firinta, baiwar Allah,
ta rungume shi wata takwas
tana jiran a ce mata: fitar.

Na leƙa ciki.
Wasiƙar Baba Gariba ce, mai goro na Aboabo,
zuwa ga ɗansa Muntari a Takoradi.
Na tuna yammacin. Ya shigo hula a karkace,
yana faɗa ina bugawa, yatsuna na rawa:
"Tunda ka cinye jarin, daga yau
kada ka ƙara taka zaurena,
ko gawata..."
A nan aka ɗauke wuta.
Ya ce gobe zai dawo. Bai bar ko sidi ɗaya ba.

Na rufe shago kafin la'asar,
na tsallaka kwata, na bi ta bayan masallaci.
Ga Baba a kan tabarma yana yayyafa wa goro ruwa,
ga wani saurayi na ɗaure huhu da igiya,
goshinsu ɗaya, har da tabon gira.

Na sunkuya na ce, "Baba, wasiƙar nan fa?"
Ya ce, "Wace?"
Ya daɗe yana duban ganyen da ke hannunsa,
sannan ya yi dariya har da tari.
"Muntari, ba wa 'yar nan fari guda biyu."

Na dawo da goro a bakin gyale.
Na ce wa firinta: saki, Hajiya,
mai fushin ya huce tun bara,
ke kaɗai kika rage a bakin fama.
Na tsayar da aikinta, na danna sau ɗaya.

Ya tafi.
Ko ƙara bai yi ba.

Yarinyar nan ta dawo bayan magariba,
shafi goma sha biyu, biyu masu launi.
Na buga mata, na rage mata sidi ɗaya,
ta tambaye ni dalili,
na ce injin ne yau yake jin daɗi.