Ƙishi Biyu

A Ƙofar Ƙwaya, ƙarƙashin dalbejiya,
Sagir ya ɗaga bakin motata,
ya tsoma tsinke, ya nuna wa rana.
Ruwan da na sani ja kamar zoɓo
ya koma shayin da ya kwana.

"Anti, ciki biyu gare ta,
na fetur da na lantarki,
kowanne da nasa ƙishin."

Galan biyu, dubu arba'in da biyar,
ban da ladan hannu.
Rabin kuɗin makarantar Nusaiba ke nan.
Na ce, ruwan rijiya fa?

Bai amsa ba. Ya jawo wata inbata
daga bayan benci, ta ƙone ƙurmus.
"Mai wannan ma haka ya tambaya.
Yanzu acaɓa yake hawa."

Shekara tara tana kai ni asibiti,
da asuba, shiru kamar mai sanɗa,
ko sau ɗaya ba ta kunyata ni a hanya ba.
Ni da nake wuni ina faɗa da masu jego
su sha ruwa, su sha ruwa.

Na tura kuɗin, ina tsaki.
Da zan koma gida na kashe rediyo
don in ji tana haɗiya.