Awon Muƙamuƙi

Shekara talatin tef na rataye a wuyana
a shagona na Aboabo, bayan mai wake da shinkafa.
Na auna kafaɗar ango, na auna tumbin alhaji,
na auna likkafanin uwata, hannu na rawa.
Ban san ana auna fuska ba
sai ran Talatar da na kai Tanimu asibiti a Bantama.

Sha huɗu yake. Bakinsa kan riga shi shiga aji,
in ji 'yan makarantarsu.
Leɓɓansa kamar maƙwabtan da suka yi rigimar iyaka,
ba sa haɗuwa sai an matsa musu.
Ko ƙosai zai ci, sai ya juya wa mutane baya.

Suka kafe kansa da sanda a kowane kunne.
Kar ka motsa. Haɗiye yawu. Cije.
Sai ga ɗana a allo, ba fata, ba kunya,
ƙoƙon kai fari fat kamar ƙwaryar da aka kankare.

Dakta Afriyie ta ɗiga ɗigo a tushen hanci,
ɗigo a tsinin haɓa,
ɗigo a wani ɗan gurbi can ciki mai kama da sirdi.
Ta ja layi, layi ya gitta layi, ta karanta kusurwa.
Na ce a raina, wannan ai yanka ne, alli kawai ta rasa.

Ta buɗe littafi mai kauri.
"Bisa wannan, ɗanka ya zarce sosai."
Na ce, "Likita, a jikin wa aka ɗauki awon?"
Ta ajiye fensir.
Ta ce yaran a ƙetaren teku suke,
sun tsufa ma, wasu sun riga mu,
kuma ba ta jin ɗayansu ya taɓa ɗanɗana tuwon zafi.

To, gwanjo ke nan. Na san shi.
Kullum ana kawo min daga Kejetiya:
riga mai kyau, kafaɗar wani.

Sai ta jawo wata takarda, rubutun hannunta,
da tabon shayi a gefe.
Yaran Asawase, yaran Suame, yaran Tafo,
ɗaiɗai take tara su, damina uku ke nan.
Ta ɗora Tanimu a kai.
Ya zarce har yanzu,
amma da faɗin yatsa, ba da taƙi ba.

Na ce mata, bakin ubana ne wannan.
Malam Ɗanjuma mai goro bai bar hoto ko ɗaya ba,
a fuskar yaron nan nake gaishe shi kowace safiya.
In kin tura shi baya, ina zan same shi?

Ta ce, "Ba ni za ka tambaya ba."

Tanimu yana kallon takalminsa.
"Baba, so nake in yi barci baki a rufe.
Kullum nakan farka kamar an zuba min toka a maƙogwaro."
Bango ɗaya ke tsakanin gadona da nasa.
Ban sani ba.

Waya, shekara biyu,
da sidin da zai haɗiye ɗinkin sallah biyu.
Na sa hannu.
Ta nemi izinin ƙara awonsa cikin takardarta.
Na sa hannu a nan ma,
wani yaro na tafe, kar a gwada shi da gwanjo.

A mota ya jingina da taga, hasken la'asar a bayansa.
Na dube shi ta gefe, yadda injin ya dube shi,
ina haddacewa: goshi, hanci, leɓe, haɓa.

Da dare na buɗe littafin awo.
Tsakanin wandon Salifu direba da kaftanin na'ibi
na rubuta sunan ubana.
Na daɗe riƙe da biro.
Ban sa lamba a gabansa ba.