Abin da Dillali Bai Rubuta Ba

Ran Talata Gethin dillali ya zo da allonsa,
ya kafa shi bakin shinge, cikin furannin Glenys,
ya goge takalmi, ya shigo bai sunkuya ba,
azarar ƙofa ta yi masa maraba a goshi.
Na ce, yi haƙuri, yaro,
shekara talatin da ɗaya tana gaishe ni haka,
har yau ban koyi ladabi ba.

Yana ɗaukar hoto yana karanta mini abin da ya tsara:
"Tsohon gida mai asali, an yi masa gyaran zamani,
ɗaki biyu a sama, kicin sabo fil,
tafiyar minti biyar zuwa tsakiyar gari."
Minti biyar a ƙafarsa.
A tawa gwiwar sha huɗu ne, in babu ruwa,
kuma yaushe rabon Ludlow da ruwa?

Murhun ya burge shi. Kowa murhun ke burgewa.
Bai san bango muka tarar a wurin ba,
fenti bisa siminti bisa katako.
Glenys ce ta ƙwanƙwasa ta ce, "Alwyn, akwai rami a nan."
Kwana tara muna fasawa, ƙura har cikin shayi,
sai ga bakin murhu ya buɗe
kamar mai hamma bayan dogon barci.

Can cikin bututun hayaƙi, kan wani ɗan dutse,
hannuna ya taɓo takalmi.
Ƙafa ɗaya, na yaro, fatar ta ƙandare,
dunduniyar ta cinye ta gefe guda.
Tsofaffin layinmu suka ce mutanen da ke ɓoyewa
don ya tsare gida daga abin da ke yawo da dare.
Mu da ba mu taɓa haihuwa ba
muka zauna a ƙasa muna kallonsa har shayi ya huce.
Ta goge shi da bakin rigarta, ta ce in mayar.
Na mayar.

Saura duk mun taɓa.
Duwatsun daɓe mun ɗaga su ɗaya-ɗaya,
mun sa musu lamba da alli,
mun shimfiɗa bututun ɗumi, kowanne ya koma mazauninsa.
Matakala ce ta ƙi gyara,
hawa goma sha ɗaya, a miƙe kamar tsani,
ita ce yau ta kore ni.
Ta bakwai tana ƙara in an taka,
da ita nake sanin Glenys na saukowa.
Tun sanyin bara ni kaɗai ke sa ta magana.

Ran Asabar masu saye suka zo,
Imogen da Caspar, ita da tsohon ciki.
Shi yana tambayar intanet da wurin ajiye mota,
ita ta tsaya ta dafa dutsen murhu, ba ta ce komai ba.
Ya nemi ragin fam dubu takwas
don danshin da ya gani a bangon baya.
Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo:
akwai wani bayan kabad da bai gani ba,
na ja shi na nuna masa.
Gethin ya harare ni. Na sallama.

Takardar lauya ta lissafa abin da zai zauna:
labule, firiji, fitilar zaure, tukunyar fure biyu.
Babu layin takalmi.

Daren ƙarshe na durƙusa, gwiwa na tsine mini,
na miƙa hannu cikin duhun bututu.
Yana nan.
Na ajiye safar hannunta ta lambu a gefensa,
ta hagu, mai huda a babban yatsa.

Da safe na miƙa makulli uku,
na ce su riƙa sunkuyawa a ƙofa.
Ina juyawa da jakata
ta same ni a goshi, wurin nan dai.